Mai Gyaran Ƙaho a Detroit

Ni ba mabushi ba ne, mai gyara ne.
Shekara arba'in da ɗaya a wannan lungu
ina toshe wa ƙahoni inda iska ke zurarewa,
ina miƙe abin da dare ya lanƙwasa.

A da, su da kansu ke kawowa.
Cleophus Vance zai turo ƙofa da kafaɗa,
ƙanƙara a hula, tsiya a baki:
“Ka gama kafin Juma'a, kuɗi sai an biya ni.”
Ba a cika biyansa ba. Ni ma haka.

Yanzu matansu ke zuwa, ko jikoki,
su sauke akwati a hankali bisa tebur
kamar akwai mai barci a ciki.
Ba sa cewa a gyara.
Cewa suke, nawa zai yi?

Bana kaɗai, huɗu.

Ga saksofon ɗin Cleophus.
Haƙoransa biyu sun ci rami a mabusa
yadda igiya ke cin bakin rijiya.
Inda babban yatsansa ke kwana
tagulla ta koɗe, ta yi fari.
Da rana yana ɗaura wa motoci ƙofofi,
da dare ya hura wa masu kuɗi jaz
a otal ɗin da sai ta kicin ake barinsa ya shiga.
Bai taɓa ba ni labarin da fushi ba.
Fushin yana nan, a maɓallin ƙasa,
wanda na canza masa sau tara.

Odessa Pruitt, mai fiyano,
na je gaishe ta gidan tsofaffi.
Sunan ɗanta ya ɓace mata, nawa ma haka,
amma hannunta na hagu yana tafiya bisa bargo,
yana taka wani kiɗa da ba ya tuntuɓe.
Ma'aikaciya ta ce rawar jiki ce ta tsufa.
Na yi shiru. Na san waƙar.

Akwai wani take da Erasmus Gaither ke busawa
sai ƙarfe uku na dare, in an kife kujeru,
bai rubuta ba, bai sa a faifai ba.
Mutum biyar suka iya shi.
An binne na biyar ranar Talata, ana yayyafi,
mu goma sha ɗaya a bakin kabari, har da direba.
Saura ni, da ba ni da numfashi,
ina fito da shi karkace ina goge ƙarfe,
kullum wani gefe na zubewa
kamar hatsi a buhun da ɓera ya huda.

An ce in ganga ta cika zaƙi ta kusa fashewa.
Waɗannan ba su fashe ba.
Sauka suka yi ɗaya ɗaya,
kowa ya gama nasa ya ja da baya,
ya gyaɗa wa na kusa kai: karɓi.
Sai dai wannan karon an gyaɗa,
dandamali ba kowa.

Jiya wata yarinya ta shigo, Nyla,
shekara sha huɗu, igiyar waya a kunne,
ta ce a wayar ta koyi busa.
Ta nuna na Cleophus. Na ce ya fi ƙarfin aljihunki.
Ta ce, taɓawa fa?

Haƙoranta ba su zauna a raminsa ba.
Ta hura, ya yi kukan agwagwa.
Ta sake. Ta sake.
A na huɗu wani abu ya fito, siriri, mai kaushi,
ba muryarsa ba ce, ko kusa,
amma gilashin taga ya amsa
yadda ya saba.

Na ce ta dawo Juma'a.
Kuɗi, sai an biya ta.